Sharhi: Monteil, Baƙon da Ya Zo Auna Ƙasa

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau ya shafi Parfait-Louis Monteil, hafsan sojan Faransa da aka haifa a 1855, wanda ya ratsa ƙasar Hausa tun kafin Turawa su ci ta da yaƙi.

A watan Agustan 1890 Ingila da Faransa suka zauna suka ja layi a takarda daga Say, a bakin kogin Kwara, zuwa Barwa da ke gaɓar tafkin Cadi, suka ce arewa ta Faransa ce, kudu ta Ingila, alhali ba su san ƙasar ba, ba su kuma tuntuɓi masu ita ba. Monteil aka tura ya ga abin da layin ya ƙunsa. Ya tashi daga Saint-Louis ta Sanagal a ƙarshen wannan shekara, ya bi ta Wagadugu da Say da Argungu, ya isa Sakkwato a Oktoban 1891, zamanin Sarkin Musulmi Abdurrahman, har ya ƙulla yarjejeniya da shi. Daga nan sai Kano, sai Kukawa, babban birnin Borno a lokacin, wajen Shehu Hashimi, kafin ya keta Sahara ta Bilma ya sauka Tarabulus a Disamban 1892.

Littafin tafiyar da ya wallafa a 1895 yana da daraja, domin ya ga Kano ta Sarki Bello, da kasuwarta da fatakenta, gab da ɓarkewar Yaƙin Basasar Kano, ya kuma zauna watanni a Kukawa shekara guda kafin Rabe ya rushe ta. Amma a ganinmu bai kamata a karanta shi kamar labarin ɗan yawon buɗe ido ba. Sarakuna sun sauke shi, sun ciyar da shi, sun ba shi 'yan rakiya kamar yadda ake yi wa baƙo, shi kuwa yana rubuta nisan zango da rijiyoyi da ƙarfin kowane sarki, yana neman hujjar da za ta karya iƙirarin kamfanin cinikin Ingila, wato Royal Niger Company, na cewa Sakkwato tana hannunsa.

Da irin waɗannan rahotanni aka ci gaba da cinikin iyaka a 1898 da 1904 da 1906, har aka tsayar da wadda ta bar Katsina a Najeriya, Maraɗi a Nijar. Monteil ya rasu a 1925.