Aron Zangon Rediyo: Yadda Tsarin CBRS Ke Aiki a Amurka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Shugaba, iyayenmu dattawa, malamai, iyaye mata, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da wannan zama.

Kwamiti ya nemi a yi bayani kan batun da wasu 'yan uwa masu wuraren ajiye kaya da masu sana'ar sadarwa ke yawan tambaya: shin mutum zai iya kafa sabis ɗin waya nasa na kansa a ƙasar nan ba tare da ya sayi lasisin miliyoyi ba? Zai iya, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne jigon maganata.

Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo yana neman gajeren zango ya san kowace tasha da mitarta. Wayar salula ma haka take. A al'ada gwamnati kan yanki zango ta sayar wa kamfani ɗaya, ko ya yi aiki da shi ko ya bar shi kwance, ba mai taɓawa. Haka aka yi a Najeriya a Disambar 2021, lokacin da MTN da Mafab kowannensu ya ci gwanjon megahaz 100 (megahaz shi ne ma'aunin zangon rediyo) a kan dala miliyan 273.6 don sabis na 5G. Wannan ciniki ne na manya, ƙaramin ɗan kasuwa ko ƙofar bai isa ya leƙa ba.

A nan Amurka, a shekarar 2015, hukumar sadarwa ta FCC ta ware megahaz 150, daga 3550 zuwa 3700, ta ce a riƙa amfani da shi tare. Sunan tsarin CBRS, kuma an buɗe shi ga kasuwa a Janairun 2020. Ku ɗauke shi kamar rumfar kasuwa: ranar da mai ita bai fito ba, wani kan baza hajarsa, da ya hango shi tafe sai ya tattara.

Hawa uku ne. A sama akwai masu wuri na asali, galibi na'urorin rada na jiragen ruwan soja. A tsakiya akwai masu lasisin fifiko, wanda ake kira PAL: yanki ne na megahaz 10 a gunduma guda, na shekara 10. Bakwai kaɗai ake sayarwa a kowace gunduma, kuma kamfani ɗaya ba ya wuce huɗu. Gwanjonsu na 2020 ya tara sama da dala biliyan 4.5. A ƙasa kuma sai mu, wato GAA. Ba ma sayen lasisi, muna da aƙalla megahaz 80, har da yankin mai PAL in bai kunna komai a wurin ba. Sai dai in wani ya dame mu, ba mu da wurin kai ƙara.

Sarkin wannan kasuwa manhaja ce da ke kan intanet, ana ce mata SAS. Google da Federated Wireless na cikin kamfanonin farko da aka amince su gudanar da ita, kuma ana biyan su kuɗin hidima kan kowace na'urar watsa sabis da ka kafa. Da ka kunna na'urarka za ta yi rajista: ga inda nake, ga tsayin eriyata, ga inda ta fuskanta, ga ƙarfina. Sannan ta nemi zango. In an ba ta, ba shi ke nan ba, dole ta riƙa komawa lokaci-lokaci tana sabunta izini. A bakin teku kuma an jera na'urorin sauraro. Da sun ji motsin radar jirgin soja, cikin daƙiƙa 300 dole a share masa wuri, kuma na'urar da aka ce ta yi shiru tana da daƙiƙa 60 kacal ta bi umarni.

Na'urorin aji biyu ne. Aji A ba ya wuce wat 1, na cikin gini ne, ko waje in eriyar ba ta haura mita 6 ba. Aji B na kaiwa wat 50, na waje ne zalla, kuma sai mai takardar shaidar CPI, wato ƙwararren mai haɗi, ya sa hannu kan bayanansa. Matasanmu, ku riƙe wannan suna: kwas ne ta intanet da jarrabawa, ba ya neman digiri.

Yanzu ga inda ake tuntuɓe. Mafi yawa a wurin rajista ne. Doka ta ce kuskuren wuri kada ya wuce mita 50 a kwance, mita 3 a tsaye. Mai haɗi ya tsaya a ƙofar gini ya ɗauki lambobi da wayarsa, alhali eriya na can bayan rufi, ko ya rubuta ƙafa a gurbin mita. Nan ƙasar komai da ƙafa ake aunawa, fom ɗin kuwa mita yake nema, sai eriya mai ƙafa 18 ta zama mai mita 18. Manhajar ba ta ganin ginin, abin da aka rubuta take lissafi da shi, don haka sai ta rage maka ƙarfi ko ta hana ka baki ɗaya, kai kuma kana zargin na'ura.

Sai katsewar intanet. In na'ura ta kasa isa ga SAS har wa'adin izininta ya ƙare, za ta kashe kanta, ko da komai nata lafiya lau. A 2024 an sassauta wa wuraren da ke nesa da yankunan kariyar radar soja, amma na kusa da teku, irin su Niyok, har yanzu a takure suke. Ku tanadi layi na biyu da batir. Kuma tunda radar jiragen tana aiki ne tsakanin 3550 da 3650, mai hankali kan shirya na'urarsa ta koma 3650 zuwa 3700 in an tashe ta. Can ɗin ma cunkoso ne, don kowa ya san dabarar.

Akwai kuma rikicin maƙwabta. A wannan zango aikawa da karɓa duk a mitar rediyo ɗaya ake yi, bi da bi. In agogon na'urarka bai dace da na maƙwabcinka ba, lokacin da take sauraro shi kuma yana ihu. Maganinsa eriyar GPS da ke ganin sararin sama, da yarjejeniya kan tsarin rabon lokaci iri ɗaya. Kada kuma ku firgita in ranar farko ƙarfi bai cika ba: manhajojin SAS na kamfanoni daban-daban kan daidaita lissafi tsakaninsu ne da dare, gobe a sake dubawa.

A ganina, ɗakin taro irin wannan ba ya bukatar CBRS, Wi-Fi mai kyau ya wadatar kuma ya fi araha. Inda yake biyan kuɗinsa shi ne babban sito, ko filin ajiye motoci, ko gona, inda na'ura ɗaya ke rufe abin da sai an jera Wi-Fi da yawa. Kafin ku sayi komai, ku duba wayoyin ma'aikatanku ko suna ɗaukar zango na 48, wato sunan zangon CBRS a wayoyi. iPhone 11 zuwa sama suna ɗauka, masu araha da yawa ba sa yi. Ku sa kuɗin sim da na uwar manhajar da ke tantance su cikin lissafi, don dillalai kan manta da su sai an zo biya.

Ranka ya daɗe Shugaba, a nan zan dakata don a yi tambayoyi. Wassalamu alaikum.