Manhajar Kowa, Wa Ke Kula da Ita?

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? Madalla. Abu uku zan taɓo, in lokaci ya bar mu.

Na farko: buɗaɗɗiyar manhaja, wadda kowa zai iya karanta rubutunta ya gyara, ba a gama ta. Linus Torvalds ya fara Linux, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a 1991, har yau kusan duk mako tara ko goma sai sabon zubi ya fito. Wani ya ga ɓaraka, wani ya aiko da faci, mai kula ya duba, ya karɓa ko ya mayar. Rubutawa ba ita ce wahalar ba, dubawar ce. Dubawar, jama'a!

Shi ya sa labarin xz ya tsaya mini a rai. 'Yar ƙaramar manhaja ce ta matse fayil, tana cikin kusan kowace na'ura mai Linux. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ya yi shekaru yana ɗauke da ita, ba albashi. Ya gaji. Sai wasu suka taso shi gaba da saƙonni: ka cika jinkiri, ka nemi mataimaki. Ga kuma wani mai kiran kansa Jia Tan, mai ladabi, kullum facinsa tsaf. Wajen shekara biyu yana taimako har aka yarda da shi, aka ba shi makulli. Sannan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa. Wa ya gano? Andres Freund, injiniya a Microsoft, a Maris 2024. Wani gwaji daban yake yi, ya lura shiga ta SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ya ƙara kusan rabin daƙiƙa. Rabin daƙiƙa fa! Ku da kuke dariya, waninku da sai ya ce intanet ce. Shi kuwa ya bi diddigi. Ni tausayin Collin nake ji. Gajiyarsa aka yi wa tarko, ba iliminsa ba.

Na uku... a'a, na biyu ko? Kuɗi. Lokacin da Heartbleed, wata ɓaraka a manhajar tsaron intanet ta OpenSSL, ta fashe a 2014, gudummawar da OpenSSL ke samu ba ta wuce kusan dala dubu biyu a shekara ba, alhali bankuna sun dogara da ita. Sai a lokacin manyan kamfanoni suka haɗa asusu ƙarƙashin Linux Foundation. Log4j ma, wata buɗaɗɗiyar manhajar, da aka gano ɓarakarta a 2021, 'yan sa-kai ne suka hana idonsu barci.

Na ga hannu. Bismillah, Malama.

Tana tambaya: ɗalibi ta ina zai fara? Yauwa, bar na ukun. Kada ki fara da sabon abu. Buɗe jerin ƙorafe-ƙorafen manhajar da kike amfani da ita, ɗauki guda, gwada a kwamfutarki, ki rubuta musu dalla-dalla yadda matsalar ke faruwa. Kin rage wa mai kula aikin dare ɗaya ke nan. In kin aika faci aka yi wata ba amsa, kada ki zafafa. Tun bayan xz ana ƙara taka-tsantsan da sababbin hannu. Sake tuntuɓa cikin ladabi, ki ɗauki ƙorafi na gaba kafin su waiwayo ki.