Maria a Cikin Motar Bas: Yadda Wata Marubuciyar Brazil Ta Zana Cin Zarafin Mata

Masu kallo, bari mu fara da wata mata mai suna Maria. 'Yar aiki ce a gidan masu hali. Ta tashi daga aiki ɗauke da ledar ragowar abincin biki da uwar ɗakinta ta ba ta, har da wata 'yar uwar kankana da ake kira melão, tana tunanin ko yaranta za su so ta, don ba su taɓa ɗanɗana ta ba. Ta hau bas, sai ga uban ɗanta na fari, wanda rabonta da shi an daɗe. Ya biya mata kuɗin mota, ya zauna kusa da ita, ya ce ta gaishe masa da yaron. Can sai ya miƙe ya zaro bindiga, shi da abokinsa suka yi wa fasinjoji fashi. Maria ba a taɓa ta ba.

Da ɓarayin suka sauka, sai fasinjoji suka juyo kanta. Wai da ita aka haɗa baki. Zagin da aka fara yi mata bai tsaya kan sata ba, ya koma kan baƙar fatarta da kasancewarta mace. Direba ya ce ya san ta, kullum a motarsa take komawa gida. Ba wanda ya saurare shi. Suka yi ta dukanta har rai ya yi halinsa.

Wannan gajeren labari ne na Conceição Evaristo, a littafinta Olhos d'água na 2014, wanda ya samu lambar yabo ta adabin Brazil mai suna Jabuti a 2015. An haifi Evaristo a 1946 a wata unguwar talakawa ta Belo Horizonte, kuma ita ma ta yi aikatau a gidajen mutane kafin ta zama malamar makaranta. Ta fara fitar da rubutunta a 1990 a jerin littattafan Cadernos Negros, da marubuta baƙaƙe suka kafa a São Paulo a 1978. Tana kiran salonta escrevivência, wato rubutun da aka tatso daga rayuwa.

Ku lura da wani abu. Idan aka ce cin zarafin mata, hankali yakan tafi ga miji a cikin ɗaki, kuma Evaristo ta rubuta wannan: a littafinta na 2011 mai labarai 13, kowanne da sunan mace, akwai Shirley Paixão da ta ɗauki ƙarfe ta rafke mijinta lokacin da ta kama shi yana afka wa 'yarsa. Amma waɗanda suka kashe Maria ma'aikata ne irinta, masu komawa gida a gajiye. A ganina nan ne alƙalaminta ya fi kaifi. Brazil ce ƙasa ta ƙarshe a nahiyar Amurka da ta soke bauta, a 1888, kuma dokar kare mata ta 2006 da ake kira Maria da Penha (wata Maria ce daban) ta fi mayar da hankali ne kan duka da azabar cikin gida. Taron mutanen da ya ga baƙar mace ya yanke mata hukunci nan take, wannan wata cuta ce daban.

Da 'yan sanda suka iso, fasinjojin motar sun watse. Gaisuwar da uban yaron ya aiko ba ta isa gida ba.