Bencin da aka kafe a amfi

Jama'a, ku dubi wannan amfi, wato babban ɗakin lacca na jami'a, da kyau. An jera benci hawa-hawa, an kafe su a siminti, kowa na fuskantar allo ɗaya. Malam na can ƙasa da makirfo yana shifta. Ɗalibin da ke layin baya ko allon ba ya gani, sai an tashi ya ari littafin na gaba ya kai fotokofi. An gina ɗakin ne don mutum ɗaya ya yi magana, ɗaruruwa su yi shiru.

Tun 2007 jami'o'in Kamaru suka koma tsarin LMD, wato matakan digiri uku: lisans, masta da dakta. A wannan tsarin ba awannin lacca kaɗai ake ƙirgawa ba, har da aikin da ɗalibi ya yi da kansa, wanda ake kira TPE. To a ina zai yi shi? A Marwa, cikin Afrilu zafi kan haura digiri 40, ɗakin haya mai rufin kwano ba ya zaunuwa da rana, sai ka ga ɗalibai a gindin dogon yaro, littafi a kan cinya, waya ba caji.

A Amurka, Robert Beichner na Jami'ar Jihar North Carolina ya sauya ɗakin koyar da fiziks: tebur zagayayye mai ɗaukar mutum 9, an raba su uku-uku, alluna a kowane bango, malam na zagayawa yana leƙa aikin kowa. Wani nazari na 2014 da ya tattara bincike 225 kan darussan kimiyya, injiniyanci da lissafi ya gano cewa inda lacca zalla ake yi, kusan kashi 34 cikin ɗari ne ke faɗuwa. Inda ɗalibai ke warware matsala da hannunsu a aji, kusan kashi 22.

Mu ma ai mun san irin wannan zama a makarantar zaure: almajirai sun kewaye malam, kowa ya ja baƙinsa a gyara masa, saura na ji suna ƙaruwa.

Ba sai an rushe amfi ba, domin ɗaliban shekarar farko suna da yawa. Ɗakunan TD, inda ɗalibai ke aikin gwaji rukuni-rukuni tare da malami, su ne ya kamata a fara gyarawa. A sa teburan da mutum biyu za su iya ɗagawa, a shafa baƙin fenti a bango ya zama allo, a buɗe tagogi masu fuskantar juna iska ta ratsa. A waje kuma a yi rumfuna masu sola da wurin caji, domin kwamfutoci 500,000 da gwamnati ta raba wa ɗalibai ba su da amfani idan wuta ta ɗauke. A haskaka wurin sosai, 'yan mata su ma su iya zama bayan magariba hankali kwance.

Jami'ar Garwa a 2022 aka kafa ta, ta Marwa a 2008. Duk ginin da za a ƙara musu, a zauna da ɗalibai da malaman TD a ji ta bakinsu kafin a zuba siminti.