Lambar da ba a dubawa a jikin taya

[Hoto: tayoyi biyu jingine da bangon wani shago a Sabon Gari]

Assalamu alaikum. Ga tayoyi biyu, ku dube su da kyau. Faɗinsu ɗaya, tsayinsu ɗaya, rim ɗaya suke hawa. Ni da ku da mai shagon nan duk sai mu rantse tagwaye ne. Amma ɗaya za ta zauna lafiya a ƙarƙashin motar lantarki, ɗayar kuwa wahala za ta yi ta sha har ta gaza.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ake ta zancen motar lantarki a garin nan na Zazzau, daga majalisun Tudun Wada har teburin mai shayi a Samaru. Kwanan nan gardamar ta gangaro kan taya. Wani ya ce motar cin taya take kamar gara. Wani ya ce sai ka yi odar taya ta musamman daga waje. Wani kuma ya ce ku rabu da su, taya ai taya ce. Kowannensu ya kama wani yanki na gaskiya, ya saki babban.

[Kyamara ta matso kan rubutun gefen taya]

Mu bi rubutun nan da sauri. 235, faɗin tayar ke nan da milimita. 45, tsayin gefenta, wato kashi 45 cikin ɗari na faɗin. R18, rim mai inci 18. Wannan kowa ya sani, ko yaron mai faci zai karanto maka shi ido rufe. A nan kuma muke tsayawa, mu ce saiz ya yi, a ɗaura.

To ku matsa gaba kaɗan. Kun ga wata lamba da harafi a manne da ita? A wannan an rubuta 94. A waccan an rubuta 98, ga XL a gefe, wato taya mai ƙarin ƙarfin ɗaukar kaya. Saboda wannan 'yar lambar muka fito yau.

Ita ce ke faɗin nauyin da tayar za ta iya ɗauka. Ba kilo ba ne aka rubuta kai tsaye, jadawali gare ta. 91 na nufin kilo 615. 94, kilo 670. 98, kilo 750. 100 kuma kilo 800. Tsakanin tagwayen namu ke nan akwai kilo 80 a kowace ƙafa. Ƙafa huɗu, kilo 320. Buhun siminti shida da ɗoriya.

Mai 94 ɗin irinta ce za ka gani a ƙafar Camry mai rim 18. Mai 98 kuwa ita Tesla Model 3 ke fitowa da ita daga kamfani. Saiz ɗaya cif. Ka ɗauki ta Camry ka sa wa Tesla, za ta shiga ba gardama, ta sha iska, mota ta tashi, ka tafi kana murna ka yi arha.

[Hoto: ƙasan mota a kan jak, ana haska shimfiɗar batir]

Ga dalilin. Duk wannan shimfiɗar da kuke gani daga gaba zuwa baya batir ne. Hyundai Kona ta lantarki, wadda aka fara haɗawa a Legas a 2020, ta fi 'yar uwarta mai shan fetur nauyi da wajen kilo 300. Kuma tankin mai yana raguwa kana tafiya. Batir ko cajinsa ya ƙare nauyinsa yana nan daram.

Na san akwai ɗan lissafi da ya riga ya ɗauko waya. 670 sau huɗu ai 2,680 ke nan, motar kuwa ba ta kai tan biyu ba, ina matsalar? Malam, lissafinka daidai ne, muddin motar tana tsaye a gareji ba kowa ciki. Amma taya huɗu ba sa raba kaya kamar rabon gado. Ka taka birki da ƙarfi a gangaren gadar Kwangila, nauyi ya zubo kan na gaba. Ka sha kwana, ya koma kan biyun waje. Ƙafa ɗaya ta faɗa rami, ita kaɗai za ta karɓi dukan. Ka ƙara da Hajiya da yara da buhun masara biyu a but, za a kai wa dangi a Kano, cikin zafin watan Afrilu kwalta tana tururi. Rarar da kamfani ya bari saboda irin wannan ranar ce, kai kuma ita ka sayar don ka rage 'yan kuɗi.

Tayar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta ba ta kuka. Gefenta ne ke ta lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, zafi na taruwa a ciki, wayoyinta na rabuwa da roba. Wata rana ka ga ƙulli ya fito a gefe kamar ƙurji. Idan ka gan shi kana gida, ka gode wa Allah. Wasu a kan hanyar Kaduna suke samun labari.

Ba sai ka haddace jadawalin ba. Buɗe ƙofar direba.

[Hannu yana nuna takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofa]

Ga saiz, ga yawan iska, a motoci da yawa har da lambar nauyin. Idan babu, duba littafin motar ko tayar da ta zo da ita daga kamfani. Abin da aka rubuta ko sama da shi. Ƙasa da shi, a'a, ko da mai shago ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi duk abu ɗaya ne." Ba ƙarya yake nufi ba, shekara da shekaru saiz kawai ake tambayarsa.

Sannan lambar nan ba ta aiki sai da iska. Tayar XL tana kai kilo 750 ɗinta ne idan an cika ta yadda ya kamata. Model 3 na son 42 a geji. Idan mai faci ya tsaya inda hannunsa ya saba tsayawa wa Corolla, ya buga gefen da ɗan yatsa ya ce ta yi, to ka biya kuɗin 98 kana tafiya a kan abin da bai kai ba. Ni dai gejina na saya, yana cikin aljihun mota. A auna da safe, kafin taya ta ɗumi.

Sauran mu bi su da gudu.

Harafin da ke bin lambar na gudu ne: H kilomita 210 a awa, V 240. Ba na jin akwai titin da zai ba ka damar haka a Zazzau, amma shi ma kada ka sauko ƙasa.

Rim. Babban rim yana da kyau a hoto, ban musa ba. Amma yana rage nisan da caji zai kai ka, ya kuma bar ka da siririn gefe, ramin farko ya lanƙwasa maka alminiyom. A garin da wurin caji bai wadata ba, ni ƙaramin zan ɗauka in bar wa samari gayu. Waccan fuskar roba da ke rufe rim ɗin, wadda ake cirewa wai ta yi muni, don iska ta wuce sumul aka yi ta. Ku bar ta.

Cin taya? Akwai shi. Motar tana ba da ƙarfinta duka da zarar ka taɓa totur, ga nauyi. Amma rabin laifin na ƙafar direba ne.

Soso da ake mannawa cikin wasu tayoyin don rage ƙara ne kawai, tun da babu inji da zai danne kukan taya. Ko babu shi mota za ta tafi. Abin da ya fi shi muhimmanci, yawancin motocin nan ba sa zuwa da safaya. Ka leƙa but ɗinka tun kafin ka bar gari.

[Kyamara kan lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye]

Idan kuma 'yar Kwatano za ka saya, nemi lambobi huɗun nan. 2319, wato mako na 23 a shekarar 2019. Zanenta na iya zama kamar sabo, amma robar ta tsufa a kan jirgi da sito.

[Mai shago yana gangara taya ɗaya zuwa ciki]

Mai 94 ɗin mun mayar masa. Ya ce ba komai, akwai mai Camry da zai zo bayan la'asar.