Tsautsayi ko sakaci? Lacca kan hawan keke a titunan Birtaniya

(An rubuto wannan lacca daga faifan murya. An gabatar da ita ne ga ɗalibai da ma'aikata Hausawa mazauna Ingila.)

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena da ƙannena, barkanku da yamma. Na bayan can ku ɗan matso, akwai kujeru a gaba.

Zan fara da wata kalma. Idan mota ta buge mai keke, mu Hausawa cewa muke tsautsayi ne, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Bature ma yana da tasa, accident, wato abin da ya auku ba da nufin kowa ba. To, a ƙasar nan an daɗe ana rigima a kan kalmar nan. Tun 2001 mujallar likitocin Birtaniya, BMJ, ta daina yarda marubutanta su yi amfani da ita sai da dalili. 'Yan sanda sun koma cewa collision, ma'ana karo. A 2021 kuma Jami'ar Westminster ta fitar wa 'yan jarida ƙa'idojin ba da rahoton karo a hanya, inda aka nemi su bar cewa "mota ta kaɗe mutum", su ce "direba ya kaɗe mutum da mota". Hujjarsu ita ce, da zarar ka ce tsautsayi, ka yanke hukunci tun ba a yi bincike ba, ka wanke kowa. Masu adawa suna cewa wannan wasa da harshe ne kawai, ba zai dawo da wanda ya mutu ba. Gaskiya ba zai dawo da shi ba. Amma wanda ke danna waya yana tuƙi har ya taka ɗan mutane, sunan abin da ya yi sakaci.

Wani zai ce, Malam, ina imani da ƙaddara? Yana nan daram. Sai dai ku buɗe Suratun Nisa'i, aya ta 92. Wanda ya kashe mumini bisa kuskure an ɗora masa diyya da kaffara, idan bai samu abin 'yantawa ba ya yi azumin wata biyu a jere. Kuskure ne fa, ba ganganci ba, amma ba a ce ya kaɗe rigarsa ya tafi ba. Ga kuma hadisin da Tirmizi ya ruwaito, na mutumin da ya tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Saboda haka addininmu bai tsaya a ɓangaren masu cewa a bar zancen ba. Kusan mutum 100 ke mutuwa a kan keke duk shekara a Birtaniya; a 2020, lokacin kullen korona, sun kai 141.

Yanzu mu zo kan littafin dokar hanya, Highway Code, wanda aka fara bugawa a 1931. Yana aiki a Ingila da Sikotilan da Wales. Ireland ta Arewa tana da nata. Duk wanda ya yi karatun fiƙihu zai gane tsarinsa nan take, don umarninsa kashi biyu ne. Inda aka rubuta must da manyan baƙaƙe, wannan farilla ce, doka ce, saɓa mata laifi ne. Inda aka rubuta should, mustahabbi ne: ba za a kama ka don ka bari ba, amma idan magana ta kai kotu, lauyan ɗaya ɓangaren zai iya kafa hujja da shi a kanka. Rabin gardamar da ake yi tsakanin direbobi da masu keke daga rashin bambance waɗannan biyun take.

Farillan mai keke ba su da yawa. Daga faɗuwar rana zuwa fitowarta dole ka kunna farar fitila a gaba da ja a baya, kuma a samu jan madubi mai ƙyalli a bayan keken, da masu ruwan ɗorawa a jikin feda idan an ƙera keken bayan 1 ga Oktoba 1985. An halatta fitila mai ƙyaftawa tun 2005. Mu dai an sauƙaƙa mana lissafi: an kira Magariba, dokar fitila ta hau kanka. A Disamba rana tana faɗuwa a Landan tun ƙarfe huɗu ba ta cika ba, don haka wanda ya fita aiki da rana tsaka ba fitila, da duhu zai dawo. Jar danja ta tsayar da kai kamar yadda ta tsayar da mota. Hawa dakalin masu tafiya a ƙafa haramun ne, sai inda aka kafa shuɗin allo mai hoton keke. Dokar tun ta 1835 ce, kuma tarar nan take fam 50 ce. Sannan birki biyu, na gaba da na baya, kowanne mai zaman kansa.

Kada ku raina zancen birkin nan. A 2016 wani matashi a Landan ya buge wata mata da keken tsere wanda ba shi da birkin gaba, ta rasu. A 2017 aka yanke masa wata 18 a tsare, da wata tsohuwar doka ta 1861 da aka yi don masu keken doki. Ku kuma lura, keken da aka sayar a ƙasar nan, hannun dama ne birkin gaba, hagu na baya. A Faransa da Amurka akasin haka ne. Birkin gaba shi ne mai ƙarfi. Idan ka damƙe shi shi kaɗai da gudu, ta saman keken za ka wuntsila. Ka matsa su tare, ka ja jikinka baya a kan sirdi. Da ruwan sama kuwa, robar birki sai ta share ruwan da ke jikin rim kafin ta kama, don haka ka fara taɓa birki tun da nisa.

Ranar 29 ga Janairu 2022 aka yi wa littafin babban gyara. An jera masu amfani da hanya daraja-daraja: wanda abin hawansa ya fi iya ɓarna, shi ya fi ɗaukar nauyin kiyaye na ƙasa da shi. Mai tirela ya kiyaye mai ƙaramar mota, mai mota ya kiyaye mai keke, kai kuma mai keke, mai tafiya a ƙafa amana ne a wuyanka. Idan za ka karya kwana, ga mutum yana jiran tsallakawa a bakin layin da za ka shiga, ka ba shi hanya. An ce wa direba ya bar tazarar aƙalla mita ɗaya da rabi idan zai wuce mai keke da gudun mil 30 a awa ko ƙasa da haka, idan gudun ya fi haka ya ƙara tazara.

Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne inda aka ce mai keke ya riƙe tsakiyar hannunsa a ƙananan layuka, da cikin cunkoso mai tafiyar hawainiya, da lokacin da ya tunkari mararraba. Mutuminmu da ya taso da tarbiyyar kauce wa babba yana ganin wannan rashin kunya ne, sai ya maƙale a bakin kwata. Ƙanena, kawaicin nan shi zai cuce ka. Idan ka lafe a gefe, ka gayyaci direba ya matse ta gefenka a inda babu fili. A gefen ne kuma ramuka da murafun kwalbati da fasassun kwalabe suke. A babban titi mai gudu ma an ce kada ka kusanci bakin dakali fiye da rabin mita. Motocin da aka ajiye a gefe kuwa, ka bar mita ɗaya tsakaninku, faɗin ƙofa ke nan, don wani zai iya bankaɗo ƙofa bai duba ba. Ku masu mota, an koyar da dabarar mutanen Holan: ka buɗe ƙofa da hannun da ya fi nisa da ita, dole kafaɗarka ta juya ka ga abin da ke tahowa.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Najeriya ta koma bin hannun dama a 1972, Ghana a 1974, Nijar da Chadi da Kamaru dama can dama suke bi. A nan hagu ake bi. Idonka ya saba fara duba hagu, alhali motar da ta fi kusa da kai daga dama take zuwa. A shatale-tale, wanda ke damanka shi ke da hanya. Wuya ya fi mako yana koyon wannan, kuma ranar gajiya ne tsohon sabo yake dawowa.

Babbar mota kuma, ku saurare ni da kyau. Kada ka taɓa kutsawa ta hagun tirela ko bas a bakin danja. Direba yana can sama, ba ya ganin ka. Idan zai karya hagu, sai ya fara buɗewa dama, kai ka ga fili ka shiga, sannan tayoyin baya su yanko kwana su rufe filin. Wannan ne ya sa daga 2021 Landan ta wajabta wa motocin da suka haura tan 12 lasisin da ke auna yadda direba ke iya ganin abin da ke kusa da shi. Ka tsaya a bayanta. Idan ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganin ka.

Sai hular kwano, uwar gardama. Ga mai keke mustahabbi ce, ga mai babur farilla tun 1973. A nan ne addini ya shigo dokar hanya: a 1976 majalisa ta yi doka ta musamman da ta ɗauke wa mabiya addinin Sikh masu rawani sa hular a kan babur, ɗan majalisar Southall da ke Landan, Sydney Bidwell, ya gabatar da ita. Su kaɗai ta shafa. Rawaninka ko zanna-bukar ɗinka ba su shiga ciki ba. Masu sukar hular keke suna kafa hujja da gwajin Dakta Ian Walker na Jami'ar Bath a 2006, wanda ya auna ya ga direbobi suna matso shi da kimanin santimita takwas da rabi idan ya sa hula. Suna kuma cewa a Holan kusan ba mai sa ta, amma sun fi Birtaniya aminci saboda an ware wa keke hanyarsa. Duk wannan haka ne. Hular an gwada ta ne don faɗuwa da gudun kimanin kilomita 20 a awa, ba don tayar tirela ba. Amma yawancin faɗuwa irin wannan ce, zamewa a kan ƙanƙara ko jiƙaƙƙen ganye. Ni a ganina a sa ta. Ta zauna daidai, tazarar yatsa biyu a saman gira, kada a tura ta ƙeya kamar hular gayu. Igiyar ta ɗaure yadda yatsa ɗaya ko biyu kawai za su shiga ƙarƙashin haɓa. Wadda ta taɓa shan bugu, ko ba ta nuna tsaga ba, ta gama aiki.

'Yan'uwa mata, hijabi ba ya hana hula. A sa marar kauri, a cire allura da fil, a sauke ƙullin gashi ƙasa zuwa wuya, a tabbata mayafin bai tare gefen ido ba idan an waiga. Haɗarin yana ga doguwar riga, ko abaya ce ko jallabiyar maza: bakinta yana shiga tsakanin sarƙa da haƙoran giya, ko cikin sifok na baya, taya ta tsaya cak. Maganinsa keke marar sandar tsakiya, mai murfin sarƙa da ragar da ke rufe tayar baya, a sa wando a ciki a tattare rigar. Ƙungiyar Cycle Sisters, da aka fara a unguwar Waltham Forest ta Landan a 2016, aikinta ke nan, koya wa mata Musulmi hawa. Ƙananan hukumomi da yawa kuma suna koyar da manya kyauta.

Idan direba ya leƙo ya ce ba ka biyan kuɗin titi, kada ka tanka. Harajin da ake kira na titi an soke shi tun 1937. Abin da yake biya harajin mallakar mota ne, titi kuwa daga baitulmali ake gina shi, har da kuɗinka.

Na ga hannu a can. Na'am, ɗan'uwa? Yana tambaya kan keken lantarki na masu kai abinci gida-gida. Ƙa'ida uku ce: injin kada ya wuce wat 250, ya daina taimaka maka idan gudu ya kai mil 15.5 a awa, mahayin kuma ya kai shekara 14. Wanda aka yi wa ƙari yana gudu ba a taka feda, a wurin doka babur ne, yana buƙatar lamba da lasisi da inshora. Za a ƙwace shi, a iya gurfanar da kai, kuma wanda ke zaune da biza bai kamata ya nemi sunansa a takardar kotu ba. Batirin ma abin tsoro ne. A 2023 'yan kwana-kwanan Landan suna fita kashe gobarar irin waɗannan batura kusan duk bayan kwana biyu, galibi na haɗe-haɗe da aka saya a intanet da cajar da ba tasu ba. Kada a yi caji ana barci, kada a yi shi a zaure ko bakin ƙofar da za a bi a tsira.

Hajiya tana tambaya, idan an buge mutum fa? A kira 999 idan akwai rauni. A ɗauki lambar motar da hoton wurin da lambar wayar shaidu. Kada ka ce "ba komai, na yafe" kana zaune a kan kwalta, don zafin jiki yana ɓoye karaya, gobe ne za ka san abin da ya same ka. Yafiya tana nan ba ta gudu, ka bari likita ya duba ka tukuna. Mai kyamara ya tura wa 'yan sanda hoton cikin 'yan kwanaki, saboda galibi kwana 14 ne gare su su aika wa mai motar takardar tuhuma. Idan direban ya gudu ko ba shi da inshora, akwai hukumar Motor Insurers' Bureau da ke biyan diyya a madadinsa. Wa'adin shigar da ƙarar rauni shekara uku ne.

To, ana yi mini alama Magariba ta yi. Kekuna bakwai na ƙirga a bakin ƙofa da zan shigo, uku ba su da fitilar baya. Masu su a tura su da hannu zuwa gida. Wassalamu alaikum.