Idan Bayanan Mutane Suka Fita, Wa Za a Kama? Laccar da Aka Gabatar a Katsina

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Abu biyu zan kawo.

Na farko, kamfanin Equifax na Amurka, mai tattara bayanan bashin mutane. A 2017 ɓarayin intanet suka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147. Maganin ɓarakar manhajar da ɓarayin suka bi ya fito tun watan Maris, ba a ɗora shi ba, ɓarayi suka shiga a Mayu, ba a farga ba sai ƙarshen Yuli. Da tsohon shugaban kamfanin ya je gaban majalisa, sai ya ce wani ma'aikaci ne bai isar da saƙo ba. Mutum ɗaya, jama'a! Mutum ɗaya! To wa aka sa ya bi sawu ya ga an yi gyaran? Manhajar da ke laluben ɓaraka ma ta duba ba ta gani ba. Ita ma laifin wannan bawan Allah ne?

Ku leƙa ofisoshinmu nan Katsina. Mutum biyar kalmar sirri ɗaya, an rubuta a takarda an manna jikin kwamfuta. Yaro ya bar aiki wata shida, asusunsa na nan a buɗe. Ranar da kuɗi suka yi ɓatan dabo, ta yaya za ka san wanda ya shiga? Kowa a ba shi asusunsa, a haɗa da lambar tabbatarwa ta waya, a rufe asusu ranar da mutum ya ajiye aiki. Wannan duk hukuncin mai gida ne, ƙaramin ma'aikaci ba shi da ta cewa.

Na biyu, doka. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba kamfani awa 72 ya sanar da NDPC, wato hukumar kare bayanai ta ƙasa, idan bayanan mutane suka fita. Tarar manyan kamfanoni tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, wanda ya fi yawa.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya, ma'aikaci ya tsira ke nan? A'a, Hajiya. Shugaban tsaron intanet na Uber, kamfanin kiran mota ta waya, ya ɓoye kutsen da aka yi musu a 2016, aka biya ɓarayin dala 100,000 su yi shiru, a 2022 kotu ta same shi da laifi. Shi ɓoyewa ya yi. Amma yaronki da ya danna saƙon bogi ya zo da gudu ya faɗa miki, kada ki kore shi, na gaba bakinsa zai kama. Ki cire kwamfutar daga intanet, ki canza kalmomin sirri, ki rubuta lokacin, domin daga sanda kika sani awa 72 ɗin ta fara.